Baba, Ga Shafi na Tamanin da Bakwai

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran mahaifina. Ya rasu a kan gadonsa, bayan wata bakwai yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. Ya bar Umma da mu 'ya'yansa huɗu. Ni ce ta biyu, shekarata goma sha huɗu.

A tsangayar haɗa magunguna ta jami'a, inda ya yi aiki shekara ashirin da biyu, an liƙa sanarwar rasuwarsa a allon bango. Layi biyu ce, a ƙarƙashin jadawalin jarrabawa. Babu wanda ya ƙara ko kalma. Shi ya sa na ɗauki biro. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙo ya shigo gidanmu bayan labule nake tsayawa. Amma akwai abin da ya kamata in faɗa tun kana raye, Baba, ban faɗa ba.

Kai ba dakta ba ne, ba farfesa ba ne. Kai ne mai kula da ɗakin gwaji. Kai kake auna magani, ka ba ɓeraye, ka ɗora su a sikeli kowace safiya, ka rubuta abin da ka gani. Ɗalibai suna kiran ka Uban Ɓeraye, kana amsawa da dariya. Ran da ka fara kai ni ɗakin, warin ya sa na toshe hanci, ka ce, "Uwata, ki gaishe da ƙannenki, su arba'in ne." Da Uwata kake kira na, don sunan mahaifiyarka aka sa mini. Ka san kowane ɓera da lambarsa. Idan ɗaya ya mutu, ba ka jefa shi a bokiti kamar yadda wasu ke yi, sai ka naɗe shi a takarda tukuna.

Na tuna yadda kake tsayawa bayan an tashi don ka sake nuna wa ɗalibi yadda ake riƙe sirinji. Na tuna tsohuwar da ke wanke kwalaben gwaji, wadda kowa ke kira Inna Mai Kwalabe. Da kwalba ta yanke ta, sati uku kai kake yi mata wankin kafin shugabanni su iso, don kada a ce ta gaza. Mutane da yawa sun zama daktoci da aikin hannunka. Idan takardar bincikensu ta fito a mujalla, sunansu ne a sama. Naka wani lokaci yana can ƙasa cikin godiya, wani lokaci ma babu. Umma takan yi mita, kai kuma ka ce, "Bar su, ai ɓerayen ma ba a sa sunansu."

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi, wato littafin aiki. Baƙin littafi ne mai kauri, kowane shafi da lambarsa bugagge a kusurwa. Ka koya mini ƙa'idarsa: da biro ake rubutu, ba a gogewa, ba a yage shafi. In an yi kuskure sai a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta shi, a sa hannu, a sa kwanan wata. Ka ce duk abin da mujalla za ta buga daga wannan littafi yake fitowa, kuma likita a wata ƙasa zai karanta ya yarda, ya zuba maganin a bakin ɗan wani.

Shekara biyu da suka wuce, Farfesa, shugaban ɗakin, ya kawo sabon maganin zazzaɓin yara don a gwada. Cikin ɓeraye arba'in, tara suka mutu, ƙodarsu ta lalace. Farfesa ya ce kada ka rubuta su. Ka rubuta. Daga ranar ka fara dawowa gida da littafin a jakarka, don kada wani ya taɓa shi.

Ni ce na taɓa shi.

Ina aji shida a lokacin. Malama ta ba mu aikin gida, lissafin rabawa, littafina kuma ya cika. Kana masallaci, jakarka tana rataye a ƙusa. Na buɗe, na tarar da inda rubutunka ya tsaya, na ga farar takarda a gaba, na yage ta. Ban ko kalli lambar da ke kusurwa ba. Washegari da yamma ka tara mu ka ce, "Wa ya shiga jakata?" Yaya ya rantse, ƙannena suka rantse. Ni na kalli ƙasa. Ka daɗe kana kallo na, sannan ka ce, "Shi ke nan, ku je." A saman shafi na gaba ka rubuta cewa na tamanin da bakwai da bayansa sun yage a gida, babu rubutu a kansu, ka sa hannu.

Bayan shekara guda takardar binciken ta fito a wata babbar mujallar magunguna ta waje. Ba wanda ya nemi izininka, amma sunanka ne na farko, gaban na Farfesa. Shekara ashirin ba a taɓa sa ka ba, sai ga shi an sa ka a gaba. Umma ta yi guɗa, ta sa aka yi wa shafin farko firam, aka rataye a falo. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Kai kuma ka zauna da sauran shafukan da tabarau, kana bin lambobin da yatsa. Takardar ta ce ɓeraye talatin da ɗaya aka gwada, kuma duk sun rayu lafiya. Taran nan babu su, kamar ba a taɓa haihuwar su ba.

Ka je wurin Farfesa. Inna Mai Kwalabe tana wanki a gefe, ita ta gaya mana abin da ya ce maka. "Na ɗauke ka daga share kashin ɓera na sa ka a gaban sunana, sakayyar ke nan? In ta ɓaci, duba sunan wa ke farko."

Duk da haka ka rubuta wa editan mujallar, ka aika masa da hoton shafukan da ka rubuta mutuwar taran nan. Mujalla ta janye takardar. Amma sanarwar janyewar da sunan marubuci na farko ake buga ta, sai a ce "da sauransu". Saboda haka duk wanda ya nemi sunanka yau, abin da zai gani shi ne takarda ɗaya, an buga mata jan hatimi a kowane shafi. Farfesa da mutanensa shida sun ɓuya cikin "da sauransu".

Aka kafa kwamiti. A gabansu Farfesa ya ce kai ne ka yi kuskure ka ba ɓerayen nan tara magani fiye da kima, shi ya sa aka cire su, kuma da hannunka ka rubuta hakan a shafi na tamanin da bakwai, daga baya ka yage don ka ɓoye laifinka. Aka buɗe littafi, shafin babu. Ka ce yaro ne ya yage a gida. Aka yi dariya. Wani a cikinsu ya ce, "Ashe a gidanka ma ɓeraye ne ke cin littafi?" Shugaban kwamitin ya ce in gaskiya ne ka kawo yaron su yi masa tambayoyi.

Ranar ka dawo ka same ni ina tsince shinkafa. Ka durƙusa kusa da ni, ka ce a hankali, "Uwata, takardar nan, ko kin tuna inda kika sa ta?" Ashe tun farko ka sani. Na girgiza kai, na gudu bayan ƙofa. Umma ta ce a kai ni ko ina kuka, ai magana ɗaya ce. Ka ce, "Yarinyar da ba ta iya gaida kawunta ba sai da rawar murya, ita zan tsayar gaban mutum goma sha biyu su yi mata abin da suka yi mini? A'a." Na ji ka daga inda nake. Da na fito na ce zan je, da ka kai ni. Ban fito ba.

Aka sallame ka. Ran da ka je kwashe kayanka, maigadin da kake ba maganin ciwon baya shi aka sa ya bi ka har cikin ɗaki, ya zazzage jakarka a ƙasa. Ɗaliban da ka koya wa riƙe sirinji suna tsaye a baranda, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "A buɗe hanya, ga marubuci na farko!" Ka dawo gida, ka sauke firam ɗin daga bango da kanka, ka juya fuskarsa ga bango a bayan kujera. Bayan wata biyu ka faɗi a tsakar gida. Magana ta ɗauke. Wata bakwai ina ba ka ruwa da cokali, idonka a kaina, kuma ko sau ɗaya ban ga fushi a ciki ba. Da ka yi fushin, da ya fi mini sauƙi.

Farfesa ya zo gaisuwa rana ta biyu da rasuwarka, da mota biyu da ƙamshin turare. Aka shimfiɗa masa dardumarka. Ya yi doguwar addu'a, sannan ya ce yadda kowa zai ji, "Duk abin da ya faru ya wuce. Ni dai na yafe masa." Mutane suka ce Allah Ya saka da alheri. Kawu ya leƙa ciki ya ce wa Umma ta yi godiya. Ta yi.

Sati biyu da rasuwarka takarda ta zo cewa mu tashi daga gidan ma'aikata. Muna kwashe kaya na jawo wani kwali daga ƙarƙashin gadonka, cike da tsofaffin littattafanmu na firamare. Na ɗaga littafin karatu na aji shida, takarda ta faɗo. Lamba tamanin da bakwai a kusurwa. Gaba da baya babu rubutunka ko ɗigo, sai lissafina, da jan biron Malama, da sa hannunta, da kwanan watan ranar. Wata bakwai kana kwance a kanta, Baba. Da ka miƙa hannu ƙasa za ka taɓa kwalin. Na neme ta a ɓoye a jakata da akwatina, amma ban taɓa neman ta a ɗakinka ba, saboda kunyar yin bincike a gabanka nake ji.

Inna Mai Kwalabe ta raka ni ofishin kwamiti. Sakataren ya juya takardar gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce fayil ɗin wanda ya rasu an rufe shi. Yaya ya aika wa editan mujallar hotonta. Ya amsa da ta'aziyya mai kyau, ya ce ba zai iya gyara sanarwar ba sai jami'a ta nema.

To, tunda ba za su buɗe fayil ba, ni zan faɗa a nan, kowa ya karanta. Mahaifina bai yi kuskuren awo ba. Bai yage shafi ba. Ni ce na yage shi. Ɓeraye arba'in ne, tara sun mutu, ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, kuma saboda ya ƙi yin shiru ba a zuba maganin nan a bakin ɗan kowa ba. Takardar tana hannuna, duk mai son gani ya zo. Ba zan ɓuya bayan labule ba.

Lissafin da ke kan takardar guda goma ne, Baba. Uku na ci.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa. Ka karɓi littafinsa a ranar da babu shafin da zai ɓace, Ka miƙa masa shi a hannun dama. Ina yi wa Umma ta'aziyya, da Yaya, da ƙannena biyu, da kawunnanmu da gwaggonninmu, da Inna Mai Kwalabe wadda ta yi kuka fiye da wasu dangi. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani. Kai kuma Baba, ka yafe wa Uwarka.