Ƙafar Hawa Dabino

Wahala muka sha, ba ni da wani suna da zan ba ta. Wata Juma'a ce da rani, muna gama firamare ni da ƙanena Hamza, wanda aka sa mu aji ɗaya don shekara guda ce tsakaninmu, Baba ya zaunar da mu a tsakar gidanmu na unguwar Al-Sih, nan ƙasa mai tsarki. Ba inuwa ba iska, Umma na daka yajin tsiren da yake sayarwa, hayaƙin gawayi duk ya cika wurin. Ya ce gidan nan ba zai ɗauki 'yan madarasa biyu ba, ɗaya zai ci gaba, ɗaya zai tafi garin Khaibar gonar dabinon abokinsa. Na ɗauka takardun jarrabawa zai ce a kawo, har na fara murna, don a lissafi Hamza daga littafina yake kwafa. Sai ya ce, “Ku miƙo ƙafafunku.” Muka miƙa. Ya matsa tafin ƙafar Hamza, siririya kamar ta 'yar tsana, ya saki. Ya kama tawa, faffaɗa, yatsu a warwatse, ya jijjiga ta kamar mai tayin rago. “Wannan ta hawa dabino ce.” Khalas, shi ke nan. Umma ba ta ma ajiye taɓarya ba.

Da na yi shiru da maganar nan har kabari, ba don ɗana Yasir ba, wanda har na yi magana da wani mai motocin bas-bas a unguwar Bi'ir Ali zai ɗauke shi aiki da zarar ya gama wannan ajin. Zan zo kansa.

Khaibar ba ta da abin da yaro zai so. Baƙaƙen duwatsu, sauro, da dabino iya ganinka. Da sanyi ya fara ja baya sai a ɗaura mini igiya a ƙugu, in hau da furen namijin dabino a cikin riga, in cusa shi cikin na macen in ɗaure, don in ba a yi haka ba ba za ta yi 'ya'yan kirki ba. Da rani kuma sare nono, wato curin 'ya'yan dabinon, a sauko da shi a hankali kada ya zube. Ƙayar dabino in ta shige ka, sai wurin ya kwana uku yana zogi. Tsohon da ke koya mini ba ya cewa sannu, abin da ya iya kawai shi ne, “Kada ka dubi ƙasa, ba abin da ka bari a can.” Wasanmu duka bai wuce jifa da ƙwallon dabino ba, da tseren hawa, wanda kullum ni ke ci. To Baba ya yi gaskiya ke nan, ƙafar ta iya. Kan ne ba wanda ya tambaya. In na zo gida hutun salla sai in tarar da Hamza cikin farar taguwa, yana ɗauke hanci wai ina warin taki. Yau mai haɗa magani ne a wani asibiti, in ya gaishe ni sai ka ce bashi na zo nema.

Yanzu ni direba ne, ina tuƙa iyalin wani injiniya ɗan China da ke zaune a wajen gari. Yana da ɗa guda, sa'an Yasir, kuma tun farkon shekara gidan ba a yi barcin kirki ba, wai ana zaɓa masa tsarin karatun sakandare. Akwai na Ingila, inda yaro ke ɗaukar darussa uku ko huɗu ya nutse a ciki. Akwai wanda suke ce wa na duniya, darussa shida da wani dogon rubutu a kai. Ga kuma na Amurka a gefe. Ni da ban wuce firamare ba har na haddace su, saboda abin da ake yi a bayan motata ke nan. Mun je Jidda ganin makarantu har na daina sanin sau nawa. Sun ɗauko wani mai ba da shawara, ƙato mai jan wuya da turare kamar an fasa kwalba, wanda duk abin da aka tambaye shi sai ya ce ya danganta da yaro, a biya shi, ya tafi. Uwar ta yi kuka a hanya don an ce wata jami'a ta fi son wannan a kan wancan. Kuka fa! Duk ƙofar da yaron nan ya bi ɗaki mai sanyi ne a bayanta, amma sai ka ce kabari ake zaɓa masa.

Yaron kansa ba shi da laifi, yana da gaisuwa. Ranar da suka tsaya kan na Ingila, don shi lissafi yake so ba dogon rubutu ba, ya leƙo tsakanin kujeru da gurguwar Larabcinsa ya kira ni Ammu, wato kawu, ya ce, “Kai wanne ka zaɓa lokacinka?” Muna tsaye a danja. Na zare takalmi na ɗaga masa ƙafata, duk tabon ƙaya, na ce, “Wannan.” Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na bar shi a haka.

Na shiga gida bayan magariba na tarar da Yasir kwance a tsakar gida yana latsa waya. Uwarsa ta ce mini su ma an ce su zaɓi ɓangaren da za su bi a sanawiyya, wato babbar sakandare, na lafiya ko na injiniya ko na kasuwanci, amma ya ce ba amfani tunda Bi'ir Ali za shi. Na ce masa da Hausa, “Kai, wanne kake so?” Ya ba ni amsa da Larabci, kamar yadda suka saba, ko kai bai ɗago ba: “Yadda ka gani, Abuya.” Sai idona ya sauka kan ƙafafunsa da ya miƙe a kan tabarma. Faffaɗa, yatsu a warwatse. Ashe ni ma su nake kallo tun yana ƙarami, ina cewa wannan ƙarfi gare shi, zai iya dako. Da can sai an matsa ƙafa da hannu. Yanzu da ido kawai muke yi, muna raina mutanen da.

Washegari na buga wa mai bas-bas na ce ya nemi wani. Na tashi Yasir, na jefa masa safa da takalmi sau-ciki, na ce ya rufe ƙafafun nan kada wani ya gani. Na kai shi har ƙofar makaranta, na tsaya sai da ya shige, sannan na wuce ɗaukar ɗan China.