Harsashi a Wuyan Ɗan Fari

Kaka ce, amma ba a ji daɗin kaka ba. Shekarar da aka yi zaɓen farar hula na biyu, ruwa ya ɗauke gero na da ciki, rumbunmu ko rabi bai kai ba. Tun kafin sanyi ya sauko muka koma cin hatsin yayan mijina, wanda muke gida ɗaya da shi a ƙauyenmu, tsakanin Bodinga da Shagari. Shi ya yi wa 'yan siyasa banga, nasa rumbun cike yake.

Daga yawon kamfe ya dawo da harsashi guda, ja mai gindin tagulla, irin na bindigar farauta. Ya ce wani ne ya auna ƙirjinsa ya ja kunama, bindiga ta ƙi tashi, mutumin ya yar ya gudu. Ya kai wa baduku ya ɗinke shi cikin fata, ya rataya wa ɗana a wuya. Wai ƙarfen da ya ƙi cin babba ba ya cin ƙarami. Yaron bai isa shiga makarantar allo ba, kuma ɗan farina ne, wanda ko sunansa ba na kamawa.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci matar tsohon soja ce. Na roƙe ta ta tambayo mini mijinta, ta dawo da amsa: harsashin da ya ƙi tashi bai mutu ba, barci yake. Kada a buga shi, kada ya kusanci wuta. A kai wa 'yan sanda. In ba hali, a nutsar da shi cikin baƙin mai, a binne da zurfi inda fartanya ba ta zuwa.

Na gaya wa maigida a hankali. Ya ce, "To mu ci mi?" Kafin la'asar magana ta isa kunnen Yaya.

Ina fura wuta ya shigo, yaron na biye da shi.

"An ce kin yi karatu," ya ce. "Har kin san bindiga."

"Yaya, ban san komai ba. Tsoro na ji."

"Tsoro? Ga ɗan fari? Uwarmu har ta mutu ba ta dubi idona ba. Ke ga ki kina lissahin abin da ka wuyanai gaban mutane. Ina kunyar taki?"

Matan gidan suka yi dariya, ta sauke nauyi. Ya ja yaron ya zaunar da shi bakin murhu.

"Matso, ka ji ɗumi. Ƙara matsowa. Ke kuma hura mamu wuta da kyau."

Na fura. Layar tana lilo a ƙirjinsa, tartsatsi na tashi. Ya ce wa yaron, "Ce mata matsoraciya." Yaron ya faɗa, yana dariya, ya sake faɗa don ya ga an ji daɗi.

Da zai fita ya tsaya bakin ƙofa, bai ko ɗaga murya ba. "In wani abu yas same shi, bakinki ne, bakin uwa dahi ne. In kuma na iske babu layag ga, ki tahi gidanku. Ɗa namu na."

Maigida na zaure, yana ji. Bai shigo ba. Tuwon ranar na tuƙa shi ina tare yaron da gwiwa, yana ture ni.

Washegari bayan asuba, yaron na barci, na zare layar. Na warware ɗinkin da reza, zare bayan zare. Na yanko karan dawa daidai tsawon harsashin, na cusa ƙaramin dutse cikin ɓargonsa don nauyi, na mayar cikin fatar, na bi ramukan baduku da allura. Ya motsa lokacin da nake mayar masa, ya damƙe ta a hannu, ya ci gaba da barci.

Harsashin na sa a gwangwani, na ɗora ƙwaryar niƙa a kai na fita. Wajen mai inji na roƙi baƙin mai, na ce na ƙafar akuya ne, na cika gwangwanin da shi. Na wuce gonaki har fakon marmara inda ba a shuka, na durƙusa na fara haƙa da guntun fartanya. Ƙasar ta yi tauri. Sai da hannuna ya shige har kafaɗa na saka gwangwanin, na mayar da ƙasa na tattake, na koma karɓar niƙana.