Kayen da na karanta wa mai masaukina

A shekarar da zan zauna bak, jarrabawar kammala sakandare, ni ɗalibi ne a lise, babbar sakandaren Gidan Rumji, marar magana, wanda ko gaisuwa sai ya tsara ta a zuci kafin ya furta. Ƙauyenmu yana can wajen Gidan Sori, don haka mahaifina ya damƙa ni amana ga wani dattijo abokinsa mai sayar da hatsi, wanda ya ba ni ɗakin zaure da abinci. In babu wannan masauki babu karatu, domin ba mu da kowa a garin. Ni kaɗai na yi boko a gidan. Ni ke karanta wa dattijon takardar likita da saƙon waya, kuma abin da na ce an rubuta, ba ya sake tambayar wani.

Ina da ɗabi'ar rubuta duk kalmar da ban sani ba a bayan kayena na lakol, wato littafin rubutuna na makaranta, in ja layi, in sa ma'anarta. A rumfar da nake kai wayata caji, samari kan taru suna zuba kuɗi a kan wasannin ƙwallo, kuma suna da yarensu. Jerin wasannin da mutum ya zaɓa shi ne kupon. Lambar da za a ninka kuɗinsa da ita, kot. Wasan da suka ce ba makawa za a ci, banki. In ka dace, kupon ya yi kore, in wasa ɗaya ya ɓata sauran, ya yanka ka. Na cika shafi uku. Ban lura ba a lokacin cewa a rumfar nan ba mai cewa caca, ba mai cewa asara.

Wata rana na gyara wa wani lissafin kot, da yarensu, daga nan suka sa mini suna Malam. Ni da ko a aji ba a san muryata ba, yanzu ana matsa mini wuri a benci. Al'adar wurin kuwa, wanda aka tambaya banki ba ya cewa bai sani ba, in ya faɗa ya zube. Babban ɗan mai masaukina, ɗan kabu-kabu da nake kira Yaya, ya fara kawo mini wayarsa. Ban taɓa kallon wasa daga farko har ƙarshe ba, amma na iya maganar. Sau biyu na zaɓa masa, aka yi kore.

Ran wata Lahadi ya ja ni bayan rumfa, ya nuna mini kupon mai wasa biyar, ya ce huɗu nasa ne, na biyar ni zan ba shi. Na nuna ɗaya. Sau uku yana tambayata ko banki ne, sau uku ina ɗaga kai. Da la'asar huɗu suka yi kore. Na biyar ana tafiya yadda na ce, Yaya na tsaye ya kasa zama, sai a nan wani ya raɗa mini cewa motonsa, babur ɗin sana'arsa, ya jinginar ya zuba kuɗin. Saura kaɗan a tashi aka zura ƙwallon da ta yanka shi. Bai dube ni ba. Da ƙafa ya koma gida.

Kwana uku yana cewa moto na wurin gyara. A rana ta huɗu dattijon ya ga wani a kan moton a kasuwa. Da ya matsa wa Yaya, sai Yaya ya ce a tambayi ɗan lakol, komai na cikin kayensa. Bayan azahar dattijon ya shigo zaure da kayen a hannu, ya zauna a tabarmata, ya kira ni ɗana kamar kullum, ya ce in karanta masa shafukan baya. Na san in na ce darasi ne zai yarda, in ci gaba da zama har jarrabawa. Na dubi layin da na ja da hannuna, na fara. Kowace kalma na karanta sai ya dakatar da ni, ya ce da Hausar iyayenmu me ake cewa. Na ce caca. Na gaba, caca. Da muka zo banki, sai shi ya ce, wato ka rantse wa mutum a kan abin da Allah kaɗai ya sani.

Bai yi faɗa ba. Ranar kasuwa ya sa ni a amalanken ƴan garinmu da buhun kayana, ya aika wa mahaifina cewa ɗakin zaure na bukatar gyara kafin damina. Har yau bai faɗa masa gaskiya ba, kuma wannan rufin asiri ya fi duka ciwo. Ban zauna bak ba a shekarar, moton ma bai dawo ba.

Ban taɓa zuba ko dala ba, shi ya sa na ɗauka hannuna tsarkakakke ne, alhali bakina ya yi aikin. Ƴan uwana ɗalibai, ku ji tsoron duk harkar da sai an sake wa abubuwa suna kafin a iya yin ta. In kuka ji sabuwar kalma a rumfa, ku mayar da ita Hausar da za ku iya faɗa a gaban mahaifinku. In kuma aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Ni na kasa faɗar haka sau uku a bayan rumfa, na rasa ɗakin zaure.