Albarushin da Ba Ya Hayaƙi

Mahaifina maharbi ne, kamar mahaifinsa. A ƙauyenmu na gefen Miga, damina ta gona ce, amma da an kai dawa rumbu sai ya sauko da bindigarsa ta toka, ya goge ta da man gyaɗa. Ƙamshin man nan da warin albarushi, shi ne ƙamshin Baba a hancina har yau.

Muna da al'ada a gidanmu: duk 'yar da ta yi haihuwar fari, kafin suna sai ta sha romon barewar da mahaifinta ya harbo da hannunsa. Gwaggonnina duk sun sha. Wata shekara na dawo hutu daga makarantar kwana a Dutse, na tarar Yaya ta zo goyon ciki, haihuwa ko yau ko gobe. Ƙahon da Baba ke zuba albarushi kuwa wayam.

Tsohon da ke haɗa masa a Ringim ya rasu da damina. 'Ya'yansa duk sun shiga harkar mota, ba wanda ya tsaya ya koya. Baba ya zaga kasuwanni, abin da ya samo ya ce rabinsa gawayi ne, ko zabo ba zai firgita ba.

Sai ga Kawu, ƙanin Inna, wanda ke jan mota zuwa Kano. Ya zube wasu jajayen harsasai na bindigar zamani a kan tabarma.

"Sarkin Baka, ga maganin kukanka. Farke su ka juye garin ciki."

"Kai da ko ɓera ba ka taɓa kashewa ba, yaushe ka san albarushi?"

"Na kashe akuyoyi da mota, sun fi barewarka yawa."

Inna ta ce daga bakin murhu, "Malam, ka bari mana. Rago ma nama ne."

"Rago na jariri ne," in ji Baba. "Barewa ta uwar ce."

Maharba ba sa ɗura abin da ba su gwada ba. Da la'asar ya ɗauko tsingaro, ya kakkaɓo ɗan ragowar tsohon albarushi daga gindin ƙahon, ya taɓa masa garwashi. Fuu! Farin hayaƙi ya tashi kamar balbela ta buɗe fiffike. Sannan ya gwada sabon, na cikin harsasan Kawu. Shi kuwa a hankali ya ci, da 'yar wuta rawaya, ba hayaƙin kirki. Na tuna har ya ba ni sha'awa, saboda natsuwarsa.

Baba ya yi tsaki. "Raggo ne. Ba shi da zuciya. Sai an ƙara masa awo."

Duk wanda ya gaji bindigar toka haka zai karanta wutar nan. Abin da ubansa ya koya masa ke nan: mai ƙarfi shi ne mai tashi fuu.

Yaya ta sauka lafiya, ɗa namiji. Ana shirin suna Baba ya fita bayan sallar asuba, ya nufi fadama. Da hantsi aka dawo da shi a amalanke, hannunsa na hagu naɗe da rawaninsa. Manomin da ya tsince shi ya riƙo bindigar. Bakinta ya tsage kamar karan dawa da aka taka.

A asibiti aka cire masa yatsu biyu. Daga baya maƙerin garinmu ya juya ƙarfen a hannu ya ce wannan gari a fili ne yake lafewa, in aka matse shi a cikin ƙarfe sai ya haukace, ba na irin bindigarmu ba ne ko kaɗan. Kawu ya daɗe bai iya haɗa ido da Inna ba.

Ranar suna Inna ta yi romo da naman ragon. Yaya ta ɗauki kwanon ta je har inda Baba ke kwance, ta sha a gabansa.

"Baba, ya yi daɗi."

"Na ga barewar fa," ya ce, yana kallon rufin ɗaki. "Tana tsaye gindin kanya. Har ta waiwayo ta dube ni."

Bai ƙara shiga daji ba. Ƙahon yana nan rataye, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

Bara na yi tawa haihuwar farin, a ɗakin da Yaya ta yi tata. Aka kawo mini romon kaza. Baba ya shigo ya karɓi jaririyar, ya tallafe kanta da ragowar yatsunsa, ya yi mata addu'a. Da ya ga kwanon a gefena sai ya kau da kai. Na so in ce masa ya yi daɗi, kamar yadda Yaya ta ce, amma na san ba zai yarda ba. Sai na jira ya fita, sannan na sha.