Daminar da Ba Ta Shiga Kwamfuta Ba

Ni dai ko na bar harkar gini, ba zan manta da yammacin da na tarar da robar wanki a kife kan na'urar Oga ba.

Lokacin ina wani kamfanin zanen gine-gine a nan Gombe, ni ke musu haɗin sola da wayoyi. Makaranta tun ƙaramar sakandare na yi mata sallama, ba na iya zama wuri ɗaya, shi ya sa duk aikin da ke da hawa tsani ni ake turawa.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Kafin a aza bulo, sai an gina gidan a cikin kwamfuta, a sa masa yanayin garin na shekara guda: rana, iska, zafi, ruwa. Yanayin nan a fayil yake zuwa, daga intanet ake sauke shi. Mu har girman indararo da shi muke yankewa.

Muka samu aikin wani babban sito a unguwar Madaki. Injiniya Rabi, mai kula da kwamfutar, ta buɗe fayil ɗin Gombe ta ce ita fa ba ta yarda ba. Zafi da iska sun cika, amma wajen ruwa, Agusta kamar Maris. Oga ya ce fayil ɗin Turawa ne, ba ya ƙarya. Da ta nace, ya sayo na'urar auna ruwan sama, wata 'yar mazurari mai kati a ciki, don kawai ya rufe mata baki. Ni na kafa ta a kan ƙarfe, tsakiyar filin ginin.

Ranar Oga ya kira maigadi, Baba Modu, dattijo ɗan Borno da rikici ya koro, yana haya da iyalinsa a Kumbiya-Kumbiya. Ya nuna masa na'urar da makullin mota.

"Baba, ka ga wannan? In wani abu ya taɓa ta, a bakin aikinka."

"To, ranka ya daɗe."

Bai gaya masa amfaninta ba. Oga ba ya yi wa maigadi bayani, umarni yake bayarwa.

Damina ta kankama, duk sati ina ciro kati in kai ofis. Na'ura ta ce ruwa ɗan yayyafi ne, daidai da fayil. Oga har da sayo lemo.

"Injiniya, kin gani ko? Kimiyya ta gaskata kimiyya."

A satin nan fa motarsa ta maƙale a taɓo a Hammadu Kafi, mu muka tura. Mutum ƙafar wandonsa a jiƙe yana murnar ba a yi ruwa ba. Ya sa aka rage girman indararo, ya tura wa mai sito rahoto.

Ran nan bayan la'asar hadari ya kama ni a hanya, na biya wurin ginin in fake. Ina shiga na hango Baba Modu tsakiyar fili, ruwa na dukansa, ya kife roba kan na'urar yana ɗaure ta da igiya.

"Baba, me kake yi haka?"

"Kai yaro, zo ka riƙe min nan. Jiya saura kaɗan iska ta ɗauke ta."

"Wai kullum rufe ta kake?"

"Da na ga gabas ta yi baƙi. Abu mai batir a cikin ruwa? So kake a kore ni?"

Na fara dariya, sai na ga yadda haƙoransa ke kaɗawa, na haɗiye ta.

Washegari na gaya wa Injiniya, ita ta gaya wa Oga. Mu a tunaninmu indararo za a gyara. Sai ya sa aka kira Baba ofis.

"Wa ya ce ka rufe ta?"

"Kai ka ce kar wani abu ya taɓa ta, ranka ya daɗe."

"Ka ɓata mana binciken damina guda da jahilci."

Injiniya ta ce, "Yallaɓai, bar Baba tukuna. Fayil ɗin fa? Shi wa ya kife masa roba?"

Oga ya yi kamar waya ake masa. Na ce, "Oga, a yi haƙuri, yana da yara." Ya ce in ina son bin sa, ƙofa a buɗe take.

Indararon an ƙara masa girma a ɓoye, aka ce wa mai sito kyautatawa ce daga kamfani. Baba kuwa ya naɗe tabarmarsa kafin azahar. Na goya shi a babur har gida, da ya sauka sai ya tambaye ni ko na'urar ta lalace. Na ce lafiyarta ƙalau. Ya ce alhamdulillahi.

Ban kai ƙarshen watan a wurin ba.

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu, in an nuna muku lamba a kwamfuta, ku tambayi wa ya auno ta, kuma da me aka tsoratar da shi. Ku kuma sani, a wurin manyan nan, in lamba ta yi ƙarya ba lambar ake kora ba. Dubawa suke cikin ma'aikata, wa ba zai iya rama magana ba.