Yadda Na Cinye Burodin Iya

Wata Juma'a da la'asar, shekara biyu da fitowar naira, Baba ya dawo daga kasuwar shanu ta Wudil da burodi huɗu ɗaure a bayan keke. Ina tsakar gida ina surfen dawa, ƙamshin ya riga shi shigowa. Baba dillali ne, kuɗi kuwa sun shigo gari a shekarun nan, kowa sai sabon rediyo da rufin kwano. Ya sauke burodin a ƙofar ɗakin Iya, mahaifiyarsa, ya ce, "Daga yau kin gama cin ɗumame. Wahalar ta isa haka." Iya ta juya shi, ta latsa da yatsa, ta ce, "Wannan ai matashin kai ne." Amma ta ci, tunda ɗanta ne ya kawo.

Iya a Dagumawa ta tashi, dawa da gero kaɗai cikinta ya sani. Ba a yi wata ba ta kwanta. Ciki ya kumbura kamar ganga, ƙwannafi na ƙona ta har maƙogwaro, ta yini tana zaryar bayan gida. Matar da ke takawa bakin kogi ta sayo kifi ta koma sai an riƙe ta. An jiƙa jar kanwa, an dafa sabara, an sayo farin maganin nan na kwalba mai kama da ruwan alli. Ga inda muka tafka wauta: a wurinmu abincin alkama na gata ne, na baƙo da marar lafiya. Don haka duk ranar da jiki ya tsananta sai Baba ya ƙaro burodi, Inna, mahaifiyata, ta murza taliya, maƙwabta su aiko da funkaso. Muna ta ƙarasa tsohuwa da gata.

Ni kuwa ba zan yi ƙarya ba, ba tausayi ne ya motsa ni ba, kwaɗayi ne. Shekarata tara, ni ke kai mata kalaci, mu yara kuma ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka ake zuba mana. Wata safiya na ga tana kallon kwanona, ni ina kallon nata. Ta ce, "Ke uwar kwaɗayi, sako labulen nan." Muka yi musanya. Haka muka ci gaba kullum: burodi da taliya nawa, tuwo da fura nata. In fita wasan gaɗa cikina dam, ƙawayena na mamakin ƙibar da nake yi. Kafin mako uku Iya ta miƙe, tana shara, tana yi wa awaki masifa. Baba har zakara ya kai wa mai maganin da ya ba mu sabara.

Asiri ya tonu ranar da Inna ta kama ni a bayan rumbu ina tsoma burodi a shayi. Baba ya karyo tsumagiya yana cewa, "Abincin marar lafiya kike sata?" Sai ga Iya da ƙafarta ta shiga tsakaninmu. "Taɓa ta ka gani. Wace sata? Ciniki muka yi." Baba bai yarda ba, ya koma shi ke tsare ta har ta cinye burodin. Kwana uku ciki ya sake tashi. Baba ya zauna a bakin gadonta, ya cire hula yana sosa kai, ya ce, "To Iya, me zan riƙa kawo miki?" Ta ce, "Tarwaɗa, ɗan nan. Da can ba ka tambaya ba." Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, ba ta sake ɗanɗana alkama ba.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Daga baya jikata mai aikin jinya ta gaya mini akwai mutanen da hanjinsu ba ya karɓar alkama sam. Ko shi ne ciwon Iya, Allah masani, ba wanda ya gwada ta. Yau a Sabon Gari kowane lungu da mai shayi, kowace jaka da maganin olsa, yara kuma na yatsina fuska in sun ga ɗumame. Asibiti ya fi jiƙo, ban musa ba, amma ina kewar wannan ɗaki da dariyarmu ƙasa-ƙasa. Har yanzu in zan yi wa mutum gata, sai na fara tambayarsa.