Idon Jirgin Kawu

Ni mutumin tudu ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗi ba. Dangin Innarmu masunta ne tun kafin kakanninsu su baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji su yada zango a Sudan, amma ni duk ruwan da ya fi na buta yawa ba ma ga maciji da shi. A kasuwar Gadarif na tashi, cikin rumfar gyaran rediyo, kuma a danginmu duk abin da ke da waya a jikinsa ni ake nemo wa. Shi ya sa da surukin Kawu ya aiko masa da na'urar ganin kifi daga Jidda, ni aka yi wa saƙo in zo Shuwak in ɗaura.

Inna ta fi kowa murna da tafiyar, don ƙanena yana can. Lokacin kasha ne. Haka muke kiran kamen samari: lori ya tsaya a bakin kasuwa ko tasha, a tare hanya, duk wanda ya isa aikin soja a jefa shi ciki, daga sansanin horo sai Kudu inda ake yaƙi. Wasu suna dawowa. Wasu kuma sai dai baƙi su zo gidansu da buhun sukari, su ce wa uwar ta yi guɗa, ɗanta ya yi shahada. Da ƙanena ya gama sakandare Inna ba ta bari ya huta ba, ta tura shi bakin kogi wurin yayanta, inda take ganin ko lori bai san hanya ba. Ranar da zan tafi ta ƙulla mini alewar riɗi, ta ce in kai masa, kuma in duba mata ko ya rame.

Ina fa ramewa! Ƙanen nan nawa ƙato ne tun yana goye. Mun sha tsokanarsa cewa shi ya shanye nonon da ya kamata a raba mana. In kuka zauna gaban faranti ɗaya da shi, ka yi sauri ko ka kwana da yunwa. Na same shi ya ƙara faɗi da duhu, ya zama gwanin ninƙaya. Ya rungume ni har sai da ƙafafuna suka bar ƙasa.

Na'urar kashi biyu ce. Akwai ɗan akwati mai gilashi da ke zama cikin jirgi yana shan wuta daga batirin mota, akwai kuma wani baƙin dunƙule kamar sabulun wanka, mai doguwar waya, wanda masunta suka sa wa suna ido. Shi wannan a bayan jirgi ake ɗaure shi, daga waje, can ƙasa daidai da gindin jirgin, fuskarsa na kallon ƙarƙashin ruwa sak. In ya karkata ko kaɗan, ƙarya zai riƙa yi maka. Kuma dole ya ɗan nisanci farfelar inji, don kumfa na makantar da shi.

Na ce, "Kawu, sai an jawo jirgin tudu."

Ya dube ni kamar na ce a yanka shi. "Ya waladi, murkab ɗin nan jirgin katakon bagaruwa ne. In ya wuni a rana katakon zai buɗe baki, sati zan yi ina cusa tsumma. Abadan. A ruwa za ka yi."

Suna da dabararsu, wadda suke yi in za su toshe ɓula. Aka juyo bayan jirgin wajen gaɓa, goshinsa na kallon zurfi. Aka jibge buhunan gishirin da suke shanya kifi da shi a goshin, sannan samarin masunta suka hau suka zauna a kai, ƙanena a tsakiyarsu. Ina kallo bayan jirgin ya ɗago a hankali, da injinsa da komai, ruwa na tsiyaya, gansakuka na reto. Tsakanin gindin jirgin da taɓo aka sami ɗan wuri da mutum zai kwanta rigingine, ruwa ya rufe masa kunnuwa, hancinsa na waje. Kawu ya nuna mini wurin ya ce, "Bismillah, ya usta," wato gwanin sana'a.

Na tambaya ko akwai kada a nan. Samarin suka tuntsire da dariya. Wani ya ce kadojinsu ba sa cin 'yan birni, sun cika ƙashi. Na yi dariyar yaƙe, na cire riga, na shiga. Wallahi tsoro nake ji. Taɓon sanyi ƙalau, yana jan bayana kamar mai hannu, duk ciyawar da ta shafe ni sai in ɗauke numfashi. Katakon yana bisa fuskata, tazarar ba ta fi taƙi ba, ina jin warin kwalta da tsohon kifi. Kawu na tsugune a gefe yana miƙo mini kaya, ƙafafunsa kawai nake gani.

Na auna, na yi alama, na huda ramukan da abin huji na hannu. Na cika su da kwalta, na ɗora mariƙin idon, na soma murɗa ƙusar farko. Daga goshi ina jin ƙanena na tauna alewar riɗi yana hana abokansa.

Mai kunne cikin ruwa yana jin abin da na tudu ba su ji ba. Ni na fara jin rugugin, ta cikin taɓo, a ƙashin bayana. Ban gane ko mene ne ba sai da wani ya kwarma ihu: "Kasha! Kasha!"

Sai tsundum, tsundum, tsundum. Samarin suna faɗawa ruwa, suna nufin tsibirin ciyawa da ke tsakiyar kogi. Ba na ganin laifinsu, ko a lokacin ban gani ba. Kowa da uwarsa. Amma duk wanda ya yi tsalle, jirgin sai ya sauko mini. Katakon ya taɓa hancina, na kau da kai gefe, ya danne mini ƙirji ya tura ni cikin taɓo. Ruwa ya shiga bakina. Na yi ƙoƙarin zamewa, taɓon ya riƙe ni gam. Ina jin Kawu na nishi yana cicciɓar jirgin da hannu, tsoho da shi, yana salati, ko motsi jirgin bai yi ba.

Sai nauyin ya ɗan sassauta. Ɗan kaɗan, daidai yadda zan ɗaga leɓe sama da ruwa in zuƙi iska. Ban ga ƙanena ba, amma na ji shi a ƙirjina. Daga baya Kawu ya gaya mini ya riga ya miƙe zai faɗa, ƙafarsa ɗaya a waje, ya waiwayo, sai ya rarrafa can ƙarshen goshin ya rataye, rabin jikinsa na lilo bisa ruwa. Duk motsin da ya yi ina jin sa. In ya ja numfashi, ni ma na samu nawa.

Lorin ya tsaya. Na ji ƙofa, na ji takalma kan tsakuwa. Na so in ce masa ya tafi, tsibirin ba nisa, shi da ke ninƙaya kamar kifi. Ruwa bai bar ni na yi magana ba. Kuma ban san abin da zan faɗa ba da ya bar ni, don zuciyata wani abu dabam take maimaitawa: kada ka sauka, kada ka sauka.

Kawu ya yi wa masu kamen magana da Larabci: "Akwai mutum a ƙasa! Ku taimaka, don Allah!"

Sun kuwa taimaka. Wannan ne abin da har yau na kasa ajiyewa wuri guda. Babbansu ya daka tsawa, yaransa suka shiga ruwa da takalmansu suka haye goshin, jirgin ya ɗaga, iska ta shigo mini kamar an buɗe taga. Na yi tari, na amayar da ruwa. Fuskar babban ta leƙo ƙarƙashin jirgin, matashi ne mai ɗan gemu, ya ce, "Alhamdu lillahi da ka tsira. Fito."

Sai Kawu ya ce ba dama, ramuka a buɗe suke, in aka sauke jirgin haka zai sha ruwa. Babban ya duba agogo. "To ya ƙarasa. Muna jira. Saurayin nan na goshi kuma da mu zai tafi."

Nan na gane. Muddin ina ƙarƙashin jirgin, ƙanena yana kan goshi. Ni da nake roƙon Allah ya fitar da ni daga wannan rami, sai ga ni na lafe a ciki. Ban taɓa aikin ganganci irin na ranar ba. Na murɗa ƙusa, na warware. Na ce idon ya karkace, sai an sake aunawa. Na saki maɗauri cikin taɓo da gangan, na daɗe ina lalube. Haƙorana na kaɗawa, yatsuna sun yi fari sun tattare. Ban san me nake jira ba. Wataƙila a kira su wani wuri, wataƙila su gaji, wataƙila la'asar ta yi su tafi salla su manta. Kawu ya gane, yana ta miƙo mini kwalta da ba na buƙata.

"Khalas, ka gama, ya usta?" in ji babban.

"Saura kaɗan."

Aka jima ya sake tambaya, na sake ba shi amsa ɗaya. Ƙusar ƙarshe ta riga ta zauna daram, ina dai riƙe da ita ina juya hannu a banza. Sai na ji muryar ƙanena daga goshi, da Hausa, a hankali, yadda yake min magana in muna kwance a tsakar gida.

"Yaya, ka fito haka nan. Sanyi zai kama ka."

Na fito. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya koma ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Ƙanena ya miƙa mini sauran alewar riɗin ya ce in ce wa Inna bai rame ba. Ya hau lorin da kansa, ba wanda ya taɓa shi.

Idon ya yi aiki yadda ake so. Kawu ya kama kifi a shekarar nan har maƙwabta suka riƙa bin bayansa. Yakan aiko mana da busasshe a mota, Inna ta rabar wa unguwa, ba ta taɓa sa shi a miyarta ba.

Daga ƙarshe Allah ya dawo mana da ƙanena, bayan mun gaji da zuwa tasha. Inna ta buɗe ƙofa ta tsaya tana tambayarsa wa yake nema, tsabar yadda ya rame. Ba ya son hayaniyar gari, don haka ya koma bakin kogi. Da kaka wani kututture ya bugi idon ya karkatar da shi, aka sake kirana. Aka juyo jirgin, aka jera buhuna. Kafin sauran samari su iso, ƙanena ya hau ba tare da an ce masa ba, ya je can ƙarshen goshi ya zauna a wurinsa na dā, ya dube ni yana jira in shiga.

Bayan jirgin ko motsi bai yi ba. Kawu ya juya mana baya, ya ce a ƙaro gishiri.